Tafiyata Gana da Faifan Masu Ba da Jini

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna wajen mai shayi a bakin tashar Kibiya, sai a ce in ba da labarin Gana. In na je Kahu gaida mahaifiyata, kafin in cire takalmi maƙwabta sun cika zaure. Wani ya tambaye ni ko gaskiya ne ba a hango ƙarshen teku, wani kuma ko Hausawan can suna jin Hausarmu. Na kuma lura labarin yana ƙara tsawo a bakin waɗanda suka ji daga gare ni, har an fara cewa a jirgin ruwa na tafi. Shi ya sa na zauna in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Sunana Hamisu, mutumin Kahu, kuma ni ne mai kula da kwamfuta a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Rano wanda wata ƙungiyar agaji ke tallafa wa. A shekarun nan da aka dawo mulkin farar hula, aka kafa Shari'a a Kano, wayar salula ta fara shiga ƙauyuka, ƙungiyar ta kawo mana wani tsari. Abin da ya fi kashe mana masu haihuwa shi ne zubar jini, a rasa wanda jininsa ya dace a kan lokaci. Sai aka riƙa bin kasuwannin Kibiya da Fassi da Kahu ana gwada jinin duk wanda ya yarda, a rubuta sunansa da unguwarsa da rukunin jininsa. Duk wannan yana cikin wata babbar kwamfuta da muke kira saba, a wani ɗaki bayan ɗakin magani. Aikina shi ne in cike gurabe a allo in danna maɓalli. In ungozoma ta ce tana son masu jini kaza, in danna, sunaye su fito. Abin da ke faruwa a cikin cikinta kuwa ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Wata rana da la'asar ina tsakiyar shigar da sunan wani sabon mutum, wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, ta sake ɗaukewa. Batirin da ke riƙe sabar ya riga ya tsufa, bai riƙe ba. Da aka tada janareta sabar ta kunna, amma rumbun bayanan da ke cikinta ya ƙi buɗewa. Wani injiniya ya zo daga Kano ya duba, ya ce gara kada a ƙara taɓa ta, don kada a lalata abin da ya rage. Aka buga waya babban ofishin ƙungiyar a Akra, suka ce intanet ɗinmu ba zai iya ɗaukar kayan ba, sai dai a kawo faifan ajiyar da kansa.

Da ba don Hajiya Talatu ba, da mun jira takardun jirgi ko da za su ɗauki wata guda. Ita ce babbar ungozomarmu, mace mai ƙarancin magana. Ta kira ni gefe ta gaya mini akwai wata Rakiya, matar wani manomin tumatir a Fassi, wadda mabiyiya ta tare mata hanya, dole sai an yi mata aiki, kuma lokacin ya kusa. Jininta O-negatib ne, irin da ba kasafai ake samu a wajenmu ba. An gwada danginta duka, babu wanda ya dace.

"Na san akwai su a cikin injin nan," in ji ta. "Na taɓa ganin sunayensu da idona. Amma ko za a yanka ni ba zan tuna su wane ne ba."

Ni ma haka. Na san akwai su, ban san su ba.

Sai aka yanke in kai faifan da kaina ta mota. Aka yi sa'a Alhaji Tukur, babban mai fataucin albasa a Kibiya, yana shirin bin kayansa zuwa Gana. Dattijo ne gajere mai jan gemu, ya yi shekaru yana bin hanyar, yana jin Yarabanci da ɗan Faransancin kasuwa. Ya ce in shirya fasfona da katin allurar shawara mu tafi. Injiniyan Kano ya ciro faifan, ɗan ƙarfe ne mai nauyi da bai fi tafin hannuna ba, ya gargaɗe ni kada ya faɗi, kada ya jiƙe, kada ya sha zafi. Matata Hadiza ta naɗe shi da auduga da sabon zanenta, ta saka shi a kular abinci, ta ce ba ta san abin da ya fi kula kare abu daga zafi da buguwa ba.

Daga Kano muka shiga doguwar motar Legas. Kafin mu bar gari wani mutum ya miƙe a tsakiyar mota ya yi addu'a irin ta Kirista da ƙarfi, fasinjoji suna amsawa, yana gamawa ya buɗe jaka ya fara tallar maganin basir. Kular tana kan cinyata, na rungume ta da hannu biyu, duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga ta sama. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce Ibo mai ƙiba da fara'a. Ta ga an tsaya cin abinci sau da yawa ban buɗe kula ba, sai ta yanke shawarar abincina ya lalace ina jin kunyar faɗa. Ba ta tambaye ni ba, ta dai gutsuro burodinta da soyayyen kifi ta ɗora mini a kan murfin kular, ta juya kai taga. Na ci, na yi mata godiya, har muka rabu ba ta san abin da na runguma ba.

Legas kam Alhaji ne ya riƙe hannun rigata kamar makaho da ɗan jagora. Gadoji a kan ruwa, wata a kan wata, mutane kuma kowa yana sauri kamar an ce gidansa ya kama wuta. Muka kwana wajen wani maigidansa a unguwar Hausawa, da safe muka nufi Seme, bakin iyaka da Benin.

A nan na kusa jawo mana bala'i da bakina. Iyakar ba ƙofa ɗaya ba ce kamar yadda na zata. Tebur ne bayan tebur, wannan ya duba fasfo, wancan ya duba kati, wani ya duba kaya. Wani jami'i matashi ya buɗe kular yana murmushi, da alama yana tsammanin nama. Ya warware zanen Hadiza, ya ɗaga faifan, murmushin ya ɓace. Ya tambaye ni mene ne a ciki. Ina so in ce sunayen mutane ne da rukunin jininsu, amma tsoro ya cinye mini Turancin, abin da ya fito daga bakina shi ne jinin mutane ne a ciki.

Ya ajiye faifan a hankali ya ja da baya. Kafin in gyara magana an kewaye ni, an shigar da ni wani ɗaki. Wani ya kawo sukundireba zai buɗe ya gani. Injiniyan Kano ya gaya mini in iska mai ƙura ta shiga cikin faifan nan, shi ke nan. Na fara roƙo da Hausa da Turanci a haɗe, ba wanda ya fahimce ni.

Alhaji Tukur ya shigo ba tare da gaggawa ba, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya har da tambayar iyali, ya nemi kujera ya zauna, sannan ya ce in fito da takardar asibiti. Shugabar wajen mace ce mai furfura a gefen kai. Ta karanta takardar har ƙasa, ta ɗago ta tambaye ni ko akwai wata mace da ke jiran wannan abu yanzu haka. Na ce akwai, sunanta Rakiya. Ta karɓi sukundireban daga hannun yaronta ta jefa a aljihun tebur. Da hannunta ta sake naɗe faifan, naɗin da ya fi na farko kyau, ta rufe kular ta miƙo mini.

"A iyaka ta gaba," in ji ta, "ka bar dattijon nan ya yi magana."

Na bi shawararta har Gana.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sakawa mai lamba a baya, kuma na ga mata da yawa suna tuƙa babur da kansu, da kaya a baya da goyo, ba wanda ya ko waiwaya. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi kamar man gyaɗa. Alhaji ya saya mana burodinsu, dogo kamar sanda, ɓawonsa ya yanke mini dasashi, amma cikinsa laushi kamar auduga. Direbanmu ba ya jin Hausa ba ya jin Turanci, ni ba na jin Faransanci, duk da haka muka yi hira mai tsawo a kan ƙwallo da hannu da sunayen garuruwa.

A Lome, babban birnin Togo, titi yana bin bakin teku. Na sha jin labarin teku, na gan ta a talabijin, amma ba wanda ya gaya mini tana da murya. Na roƙi a tsaya mu yi azahar. Na ba Alhaji kular, na taka yashi har bakin ruwa, na tsaya. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Mutumin da ya tashi yana ganin rafi ya cika da damina ya ƙafe da rani, yau ga ruwa har inda sama ta sauko, yana zuwa yana komawa ba wanda ke tura shi. Na ji kaina ƙarami ƙwarai, bakina yana ta tasbihi ba tare da na umarce shi ba. Sai na ce bari in yi alwala da shi don in samu abin faɗa a gida. Na cire takalmi na ajiye, na ɗebi ruwa na kurkure baki, gishiri ya hau mini kai. Ina cikin tari wata igiyar ruwa ta zo ta jiƙa ni har gwiwa, ta koma da takalmina ƙafa ɗaya. Alhaji yana can nesa rungume da kula yana dariya har hularsa ta karkace. Da silifas ɗin roba na shiga ƙasar Gana.

Akra, wadda Hausawan can ke kira Ankara, mun shige ta ranar Juma'a da yamma. Muka sauka a Nima, gidan Alhaji Mumuni, abokin cinikin Alhaji Tukur, wanda ya ce kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano fataucin goro bai koma ba. Al'adarsu ta karɓar baƙo ta burge ni. Ba a fara dogon gaisuwa sai an ba ka ruwa ka sha. Sannan maigida ya zauna ya tambaye ka abin da ya kawo ka, ko da ya riga ya sani, kai kuma ka faɗa daga farko, shi ma ya ba ka labarin abin da ka tarar a gidan. In za ka gaisa da jama'a kuma daga dama kake farawa ka bi layi, ba ka tsallake kowa don girmansa.

Hausarsu tana da daɗi amma sai ka kasa kunne. Alhaji Mumuni ya ce mini, "Matata ya dafa maku wake." Na ɗan waiwaya ina neman namijin da ya yi girkin. Ashe su ba su cika raba mace da namiji a magana ba. Abincin da ya kira wake kuwa shinkafa da wake ne irin namu, sai dai an dafa shi da karan dafi ya yi ja, an zuba masa taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Na ci har na ji kunya. Da safe aka kawo koko da ƙosai, aka gaya mini duk Gana kokon Hausa ake kiransa, har waɗanda ba su taɓa ganin Bahaushen Kano ba. Dokunu ne kawai ya gagare ni, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawon masara. Na yi loma biyu na ce na ƙoshi.

Abin da ya ba ni mamaki a unguwar shi ne yadda masallaci da coci da shagon giya suke a layi ɗaya. A wajenmu tun da aka kafa Shari'a ko kwalbar ba ka gani a fili. Can kuwa ladan yana kira, mai shagon ya rage sautin rediyonsa da kansa, in an idar ya mayar. Ban ce ya fi namu ba, ban kuma ce namu ya fi ba, na dai tsaya ina kallo.

Ranar Asabar da safe muka nufi ofishin. A hanya muka tarar an toshe titi da rumfuna, ana kiɗa, mutane cikin baƙi da ja suna rawa, ana rabon abinci. Na ce wa wani dattijo da ke bakin rumfa Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Alhaji Mumuni ya ja ni gefe ya raɗa mini jana'iza ce. Ya ce wasunsu suna ajiye gawa a firij wata da watanni har dangi su taru daga ƙasashe. Na tuna yadda muke yi, a rasu da hantsi a binne kafin azahar.

Injiniyar da za ta duba faifan sunanta Madam Abena. Na zata zan ga Bature ko wani dattijo mai tabarau. Sai ga mace siririya da ba ta girme ni sosai ba, sanye da baƙin zane mai ratsin ja. Ta miƙo mini hannu, na rikice, na dafe ƙirjina na sunkuyar da kai. Ta dube ni, ta janye hannunta ta dafe nata ƙirjin, magana ta wuce. Na ba ta haƙurin hana ta hutun Asabar. Ta ce ai jana'izar kawunta za ta, amma shi ya daɗe yana jira, zai iya ƙara jira zuwa yamma, matar da ke Rano ce ba za ta iya ba.

Ta shigar da ni ɗakin sabobinsu. Sanyi ya buge ni tun daga ƙofa. Akwatunan ƙarfe ne dogaye sun fi ni tsawo, a jere, kowanne cike da injuna irin namu guda ɗaya da muke lallaɓawa a Rano, fitilu kore suna ƙyaftawa, ga wani gunji mara yankewa. Ta nuna wani ta ce asibitocin wata ƙasa ne a ciki, ta nuna wani ta ce na wata ƙasar ne. Haihuwa da mutuwa da jinyar mutanen da ba su san juna ba, duk suna kwance a ɗaki ɗaya mai sanyi. Na ji kaina ƙarami irin yadda na ji a bakin teku.

Na zata za ta saka faifan ta fara gyara. Ba ta yi ba. Ta ce ba a aiki a kan asali, sai ta fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani faifan, ta mayar da namu cikin kular ta rufe. Sannan ta jawo mini kujera kusa da tata, ta ce ba za ta gyara ina kallo ba, tare za mu yi, don ran da ya sake faruwa ba ta Rano.

Abu na farko da ta koya mini shi ne injin yana faɗar abin da ke damunsa, mu ne ba ma karantawa. Ta buɗe wani kundi da rumbun ke rubuta duk abin da ya same shi, ta sa ni karanta layukan ƙarshe da ƙarfi. A nan muka ga ashe matsala biyu ce ta haɗu. Faifan ya cika maƙil tun kafin wuta ta ɗauke, domin wanda ya kafa tsarin ya saita shi yana ajiye kwafin tsaro kullum a kan faifan da yake son karewa, ba a kuma share tsofaffi. Da wuta ta yanke shi yana tsakiyar rubutu, ya tashi yana son ya gyara kansa, sai ya rasa wurin da zai ajiye ko layi ɗaya. Shi ya sa ya ƙi buɗewa.

Muka kwashe tsofaffin kwafin zuwa wani wuri, ta ce in ba shi umarnin tashi. Na danna. Rubutu ya fara gudu a allo. Ta bayyana mini cewa kafin rumbun ya taɓa kowane bayani sai ya fara rubuta niyyarsa a gefe, don haka yanzu yana bin abin da ya rubuta, wanda ya kammala ya tabbatar da shi, wanda bai kammala ba ya warware shi gaba ɗaya. Na tambaye ta mutumin da nake shigarwa lokacin da wuta ta ɗauke, wanda na rubuta sunansa ban kai ga jininsa ba. Ta ce ba zan same shi ba ko kaɗan. Rumbun ba ya karɓar rabin magana, ko duka ko babu, don suna ba jini ya fi rashin sunan haɗari. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutane suka zauna suka ƙera abin da ya gwammace ya ce bai sani ba da ya faɗi rabin gaskiya.

Ya buɗe, amma da muka nemi masu jini sai ya kawo kuskure. Ta duba ta ce fihirisar wani jerin bayanai da suke kira tebur ce ta lalace, wato abin da yake bi ya sami layi da sauri, amma bayanan kansu lafiya lau. Ta sa ya sake gina ta. A nan ne na fara ganin abin da na yi shekaru ina aiki a kansa ban gani ba. Ashe ba jeri ɗaya ba ne. Mutane suna teburinsu, unguwanni suna nasu, rukunin jini nasa, ranakun da aka ba da jini nasu, kuma lamba ce ke ɗaure kowane da ɗan'uwansa, kamar yadda za a ce wane ɗan gidan wane na unguwa kaza.

Ta ce in rubuta tambayar da kaina da yaren da injin ke ji, wanda suke kira es-kyu-el. Ta faɗa ina bugawa: zaɓo suna da unguwa, daga teburin mutane, haɗe da teburin jini. Na yi gaggawa na aika kafin in gaya masa ta wace lamba zai haɗa su. Allo ya cika da dubban layuka, kowane mutum an aura masa kowane irin jini. Na ga sunana ya fito da jini iri-iri kamar ba mutum ɗaya ba. Madam Abena ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce duk wanda ya koyi aikin nan ya taɓa yin haka. Na gyara, na ƙara sharaɗin O-negatib, da waɗanda ba su ba da jini kwanan nan ba. Na danna.

Sunaye suka fito, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Madam Abena ta turo mini wayar ofis.

Hajiya Talatu ta ɗauka kamar tana zaune a kan wayar. Na karanta mata suna da unguwa a hankali, tana maimaitawa tana rubutawa. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta ce sannu ba. Ta ce, "To, Hamisu," ta kashe.

Na ƙara kwanaki a Akra ina koyo. Madam Abena ta nuna mini yadda zan riƙa duba sauran wuri a faifai, yadda zan ajiye kwafi a wani faifai dabam in kai shi wani ɗaki dabam, da yadda zan riƙa gwada dawo da kwafin lokaci-lokaci, domin a cewarta kwafin da ba ka taɓa gwadawa ba, ba ka san ko kana da shi ba. Jikina yana wajen, hankalina yana Rano. Labari ya riƙa zuwa guntu-guntu: ɗaya daga cikin mutanen ya tafi ci-rani, ɗaya mace ce ita ma tana da juna biyu. Aka sami wani Bafulatani ta hannun arɗonsu, aka sami wani direba a tashar Kibiya mai suna Ɗanjuma. Wata safiya muna tsakiyar darasi Hajiya ta bugo. An yi aikin, Rakiya ta zubar da jini sosai, an ƙara mata na mutum biyun duka, ta farfaɗo. Yaron ƙarami ne amma yana kuka da ƙarfi. Na ajiye wayar na fita baranda na yi sujada a kan siminti. Da na ɗago, ma'aikatan ofishin suna tsaye suna jirana, Kirista da Musulmi.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Aka ba ni faifai biyu da sabon batir a kwali da takardar da ta yi bayanin komai, Alhaji Tukur ya sayar da albasarsa, muka biyo hanyar da muka bi. A Rano na haɗa sabar da kaina, ungozomomi sun cika ƙofar ɗakin suna leƙe, ta tashi ba gardama.

Washegari na je tashar Kibiya neman Ɗanjuma. Aka nuna mini wani dogo baƙi yana ɗaure buhunan barkono a bayan mota. Na gabatar da kaina. Ya saki igiyar ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne ka kira sunana daga Gana?"

Na ce ni ne.

Ya ce shi ko Zariya bai taɓa wucewa ba. Ran da ɗan aiken Hajiya ya zo, ya riga ya cika mota, da ya ji an ce daga ƙasar waje ake nemansa sai ya zata wani laifi aka ƙulla masa. Ya ma manta an taɓa gwada jininsa. Wata ranar kasuwa ce ya ga ana ba duk wanda aka gwada lemo mai sanyi, shi kuma ƙishi ya dame shi. Da aka yi masa bayani ya gaya wa fasinjojinsa su nemi wata motar. Ba wanda ya sauka. Suka ce ya kai su Rano tare, suka zauna a ƙarƙashin bishiyar asibiti har aka gama ɗibar jininsa, sannan wani daga cikinsu ya karɓi tuƙin zuwa Kano don kada jiri ya ɗebe shi.

Ya tambaye ni ko matar ta tashi, na ce har ta fara zama tana shan kunu. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da ɗauri. Har na juya zan tafi ya kira ni.

"Malam Hamisu, ka rubuta a injin naku, in an sake nema ba sai an je Gana ba. Kullum ina nan tasha."

Na ce zan rubuta. Ya buga murfin bayan motar ya rufe, ya zagaya gaban mota yana kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya.